PostgreSQL: Mun ɗauki kyautar, mun bar tarbiyyar

A ƙarshen watan Maris na shekarar 2018, wani injiniyan manhaja mai suna Craig Ringer ya aika wa abokan aikinsa saƙo a fili, inda duk mai intanet zai iya karantawa. Saƙon ba mai daɗin ji ba ne. Ya ce manhajar PostgreSQL, wadda su da kansu suke ginawa, tana iya ɗauka cewa ta adana bayanai alhali ba su adanu ba, kuma ba wanda zai sani sai ranar da aka zo nema.

Wannan manhaja ce da bankuna da asibitoci da manyan kamfanoni a duniya suka damƙa wa amanar bayanansu. Duk da haka ba a goge saƙon ba. An shafe makonni ana musu a kansa a bainar jama'a, aka gano bakin zaren, aka gyara. Har yau muhawarar tana nan a ajiye ga mai son karantawa.

Na kawo labarin ne domin ina ganin mu a nan mun fahimci buɗaɗɗiyar manhaja a baibai. Abin da muka riƙe kawai shi ne kyauta ce, ba kuɗin lasisi, ba neman dala. Amma abin da ya sa ta zama abin dogaro, wato al'adar tona kuskure da bin sa har saiwa, mun bar shi a can.

Ga wanda bai saba da harkar ba, PostgreSQL rumbun adana bayanai ne na irin wanda ke alaƙanta jadawali da jadawali. Ɗauki makaranta. Akwai jadawalin ɗalibai, kowa da lambarsa. Akwai na kuɗin makaranta, akwai na sakamakon jarrabawa. Ba sai an maimaita sunan yaro da na mahaifinsa a kowane shafi ba, lambar nan ita ce igiyar da ta ɗaure jadawalan. Idan ka tambayi rumbun su wane ne 'yan aji uku da ba su biya kuɗin zango na biyu ba, sai ya bi igiyar ya kawo maka amsa. Wani masani a kamfanin IBM, Edgar Codd, shi ya fito da wannan tsari a shekarar 1970.

Ita PostgreSQL ta samo asali ne daga wani bincike da Farfesa Michael Stonebraker ya fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka a 1986. A 1996 ta samu sunan da take ɗauke da shi yau, ta koma hannun masu gina manhaja daga ƙasashe daban-daban. Babu kamfani ɗaya da ya mallake ta. Aikin gayya ne, sai dai gayyar ta kusa shekara 30 ba a tashi ba.

Kada mai karatu ya ce wannan zancen Turai ne. Manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar ginawa, kuma ma'aikatun lafiya a Najeriya da Ghana da ƙasashe masu yawa ke tattara alƙaluman rigakafi da awon ciki da zazzaɓin cizon sauro da ita, a kan PostgreSQL take zaune. Adadin yaran da aka yi wa allura a ƙaramin asibitin unguwarku, can yake ƙarewa.

Kuskuren da ya yi kusan shekara 20 a kwance

Domin a gane abin da Ringer ya tono, sai an san yadda rumbun ke rubutu. Kamar mai shago ne da ke da littattafai biyu. Duk cinikin da aka yi, nan take yake rubuta shi a ƙaramin littafi, bi da bi. Daga baya sai a kwashe a shigar cikin babban kundi. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ba a rasa komai ba, sai a koma ƙaramin littafin a bi shi layi-layi. Ba a yaga shafin ƙaramin littafi sai an tabbatar abin da ke ciki ya shiga babban kundi.

To amma PostgreSQL ba ita ke rubutu a faifan kwamfuta da hannunta ba. Miƙa wa babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar take yi, galibi Linux. Ita kuma Linux ba ta rubutawa nan take, takan riƙe a ƙwaƙwalwa har sai ta samu sarari. Saboda haka akwai wani umarni da ake kira fsync, wanda ma'anarsa ita ce: duk abin da na ba ki, ki tabbata ya sauka a faifai, ki dawo min da amsa.

Masu gina PostgreSQL sun ɗauka cewa idan amsa ta dawo cewa rubutun bai yiwu ba, to Linux tana nan riƙe da saƙon, kuma idan aka sake ba da umarnin za ta sake gwadawa. Ashe ba haka ba ne. Linux takan faɗi matsalar sau ɗaya, sannan ta cire saƙon daga jerin abin da ke jiran rubutu. Idan aka sake tambaya, sai ta ce lafiya lau, babu abin da ya rage.

Kamar ka aiki yaro ya kai kuɗi banki, ya dawo ya ce bai samu shiga ba. Washegari ka tambaye shi ko akwai sauran aike a hannunsa, ya ce babu. Kai ka ɗauka ya kai, shi kuma nufinsa ya riga ya faɗa maka jiya, ya sauke nauyi. Sai ka ɗauki shafin da ka rubuta lissafin ka yaga.

Ba kullum abin ke faruwa ba, sai faifai ya samu tangarɗa a daidai lokacin rubutu. Shi ya sa kuskuren ya yi kusan shekara 20 a kwance. Kuma da aka bincika, sai aka ga laifin ba na ɓangare ɗaya ba ne. Ƙa'idar da aka rubuta game da fsync ba ta fayyace abin da zai biyo bayan gazawa ba, kowa ya fassara yadda ya fahimta. FreeBSD, alal misali, tana ci gaba da riƙe saƙon, Linux kuwa ba ta yi.

Maganin da aka cimma shi ya fi burge ni. Yanzu idan fsync ya gaza, PostgreSQL ba ta sake tambaya. Tsayawa take yi cak, ta kashe kanta, ta tashi ta koma ƙaramin littafin nan ta sake bin sa. A watan Fabrairu na 2019 gyaran ya fito. Wato sun zaɓi manhaja ta faɗi a gaban kowa, a kira injiniya cikin dare, a kan ta ci gaba da murmushi bayanai suna ruɓewa a ciki. Masu gina wasu rumbunan, ciki har da MySQL, su ma suka duba nasu suka yi irin wannan gyara, don sun ga muhawarar.

Wannan ba sa'a ba ce, tsari ne. Akwai tarin kwamfutoci na masu sa kai a ƙasashe daban-daban, kowace da irin ƙirarta, waɗanda aikinsu shi ne duk lokacin da aka shigar da wani sauyi, su harhaɗa manhajar daga tushe su yi mata gwaji. Sakamakon yana fitowa a shafin da kowa ke gani. Idan sauyinka ya karya wani abu, ba a daɗe za a gani, kuma sunanka na jikin sauyin. Duk shekara ana fitar da sabon babban zubi, a kula da shi tsawon shekara 5, kuma aƙalla duk wata 3 ana fitar da ƙananan gyare-gyare tare da bayanin abin da aka gyara. Zubi na 9.6 an daina kula da shi tun Nuwamban 2021, na 12 kuma tun Nuwamban 2024. Ka je ka tambayi wane zubi ne ke kan kwamfutar ofishinku. Idan ka samu wanda ya san amsar, kun fi da yawa.

Yadda muke yi a nan

Shekarun baya an kira ni wata makaranta mai zaman kanta, wai manhajarsu ta ƙi buɗewa ga shi ana shirin raba sakamako. Wani matashi ne ya haɗa musu, ya kuma yi ƙoƙari. An biya shi kuɗin haɗawa sau ɗaya, aka yi sallama, ya tafi bautar ƙasa. Daga nan ba wanda ya sake leƙa rumbun.

Da na buɗe fayil ɗin saiti, sai na ga an kashe fsync gaba ɗaya. Na san dalili. Kwamfutar tsohuwa ce, ana ƙorafin tana nawa, shi kuma ya karanta a wani wuri cewa kashe wannan abu na ƙara sauri. Gaskiya ne yana ƙarawa. Amma littafin jagorar PostgreSQL ya faɗa ɓaro-ɓaro cewa idan aka kashe shi wuta ta ɗauke, bayanai na iya lalacewa yadda ba za su gyaru ba. A garin da NEPA ke ɗauke wuta sau nawa a rana? Batirin ko-ta-kwana da aka saya wa kwamfutar kuwa ya daɗe da mutuwa.

Na tambayi kwafin ajiya. Akwai, in ji su. Yana ina? A cikin kwamfutar da ta lalace, kuma na ƙarshe ya haura wata 7.

Duk wannan bai dame ni kamar maganar mai makarantar ba. Bai tambaye ni me ya jawo ba. Abin da ya ce shi ne: “Malam, don Allah a rufa asiri, kada iyaye su ji.”

Na san darajar rufin asiri. Da shi muke zaman aure, da shi muke maƙwabtaka, kuma addu'a ce da muke yi wa juna kullum. Amma na'ura ba ta da mutuncin da za a kare. Kuskuren da aka rufe a makaranta ɗaya, shi ne zai faɗa wa asibiti na gaba, domin matasan da ke haɗa waɗannan abubuwa a garuruwanmu kusan wuri ɗaya suka koya, shawara ɗaya suke karantawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kwatanta da abin da kamfanin GitLab ya yi. A ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyansu da ya gaji da aikin dare ya so goge bayanai a kwamfutar da ke riƙe da kwafi, sai ya goge a babbar. Kafin ya ankara, kusan gigabait 300 sun tafi. Suna da hanyoyi 5 na ajiyar kwafi, amma da aka zo nema ba wadda ke aiki yadda ya kamata. Ɗaya daga ciki ta daɗe da mutuwa ba a sani ba, saboda na'urar ɗaukar kwafin ta zubi na 9.2 ce, rumbun kuwa na 9.6. Saƙonnin gargaɗin da ya kamata su sanar da su ma ba sa isowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka kimanin awa 6 kafin nan don wata buƙata daban, kuma aikin waɗannan awanni ya tafi ke nan.

Me suka yi? Sun rubuta abin da ke faruwa a fili tun ana cikin rikicin, suka nuna aikin gyaran kai tsaye a YouTube, daga baya suka fitar da cikakken bayani. Injiniyoyi da yawa a duniya sun koma sun gwada nasu kwafin saboda wannan labari. Darasin ƙarami ne amma mai tsada: kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ba kwafi ba ne, fata ne kawai.

Akwai masu cewa duk wannan hujja ce a kan buɗaɗɗiyar manhaja, ba a gare ta ba. Su kan ce gara ka sayi ta kamfani irin Oracle, ka san wanda za ka kira, ka san wanda za ka kama. Kuma idan kowa na iya sa hannu a manhaja, me zai hana mugu sa nasa?

Tambayar ƙarshen ba ta banza ba ce, don an yi. Wani da ke amfani da sunan Jia Tan ya shafe sama da shekara 2 yana taimakawa a wata ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz, wadda kusan duk kwamfutar Linux ke ɗauke da ita. Mutum ɗaya ne ke kula da ita, ɗan sa kai, aiki ya yi masa yawa. Da aka yarda da baƙon aka ba shi dama, sai ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa da za ta iya ba shi hanyar shiga kwamfutocin mutane.

Wanda ya kama shi mai gina PostgreSQL ne, wani Bajamushe mai suna Andres Freund. Yana auna saurin rumbun ne sai ya lura wata manhajar shiga kwamfuta daga nesa tana cin ƙarfin na'ura fiye da ƙima, tana kuma jinkiri na kusan rabin daƙiƙa. Rabin daƙiƙa. Da yawanmu da mun ce intanet ce. Shi kuwa ya bi sawu har ya isa ga xz, ya bayyana wa duniya a ranar 29 ga Maris, 2024, kafin gurɓataccen zubin ya bazu.

Ba zan ce babu sa'a a ciki ba. Amma sa'ar ta samu mutumin da aka horar da kada ya raina ƙaramin abin da bai gane ba, kuma ta same shi da damar buɗe rubutun manhajar ya karanta. A rufaffiyar manhaja, iyakarsa ya shigar da ƙorafi ya jira.

Sannan labarin ya nuna wani abu da masu son banza ba sa son ji. Freund ma'aikacin Microsoft ne, albashi ake biyan sa. Da yawa daga manyan masu gina PostgreSQL haka suke, kamfanoni irin EDB da Amazon da Microsoft ke ɗaukar nauyinsu. Manhajar da aka bar wa mutum ɗaya ba ko sisi, ita aka samu kafar shiga. Wato kyautar da muke saukewa wani ne ya biya. Kuma batun wanda za a kira, akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, kula da PostgreSQL a biya su. Abin da babu shi ne rumbun da ke kula da kansa, na kuɗi ne ko na kyauta.

Su ma masu PostgreSQL ba komai suke shelantawa nan take ba. Idan kuskuren na tsaro ne, a asirce ake kai shi ga wani kwamiti, a gyara, sannan a sanar tare da maganin. Akwai bambanci tsakanin jinkirta magana har a samu magani da binne ta don kada a ji kunya.

Matsalolin da sai mu

Akwai kuma tangarɗar da ba wanda zai gano mana ita daga Berlin ko San Francisco. Ɗauki suna ɗaya: Ɗanladi. Wani ma'aikaci ya rubuta shi da ƙugiya, wani ya rubuta Danladi, wani D'anladi, wani tsohon tsari kuma da bai san harafin ba ya mayar da shi alamar tambaya. A wurin rumbu, mutum huɗu ne. A asibiti wannan na nufin kati huɗu da tarihin jinya a warwatse.

Haka jerin haruffa. Ina ƙ take zama, bayan k ko can ƙarshe? Tun zubi na 10 da ya fito a 2017, PostgreSQL na iya amfani da tsarin ICU wajen jera kalmomi, kuma akwai ƙa'idar jerin Hausa a cikinsa. Amma sai mai haɗa rumbun ya san da ita ya zaɓa. Batun jeri ba ado ba ne. A 2018, da aka sauya ƙa'idojin jera haruffa a glibc 2.28, wani ginshiƙi na Linux, rumbunan da aka ɗaga babbar manhajarsu ba tare da sake gina fihirisa ba sun shiga haɗarin neman suna a rasa alhali yana nan. An yi ta gargaɗi a kai. Mu nawa muka ji?

Nan ne nake ganin jami'o'inmu da kwalejojin fasaha ke da bashi. Duk shekara ɗaliban kwamfuta na rubuta aikin kammala karatu a kan manhajar rajistar ɗalibai ko ta kantin magani, a ɗaure da bango, a jibge a ofis. Da za a sa wasunsu su sauke rubutun PostgreSQL, su harhaɗa shi da hannunsu, su yi masa gwajin da ke zuwa tare da shi, su zare wayar wuta ana tsakiyar rubutu su ga me zai faru, su cika rumbu da sunayen Hausa su duba jerin, sannan su rubuta rahoton abin da suka gani yadda wani zai iya maimaitawa, da an fi samun injiniyoyi. Rubuta rahoton kuskure mai kyau fasaha ce: wane zubi, wace kwamfuta, me ka yi, me ka zata, me ya fito. Ba ya buƙatar dala, kwamfuta ɗaya ta isa.

Ga shugabannin makarantu da asibitoci da ƙungiyoyin adashi da ma'aikatu kuwa, ba sai kun iya kwamfuta ba. Ku tambayi mai kula da rumbunku yaushe rabon da a ɗauki kwafi a dawo da shi a wata kwamfuta daban a ga ya buɗe, kuma ku ce a yi a gabanku. Idan babu mai kula da rumbun da za a tambaya, to kun riga kun samu amsa. Kuɗin lasisin da kuka tsira da shi, wani kaso nasa haƙƙin wannan mutumin ne, duk wata, ba sau ɗaya ba.

A makarantar can, mun ceto jadawalin ɗalibai da mafi yawan sakamako. Na kuɗin makaranta bai dawo ba. Ma'aikata biyu suka yi mako 3 suna sake shigar da shi daga kwafin rasit, wasu iyayen kuma aka ce su kawo nasu ba tare da an faɗa musu dalili ba. Mai makarantar ya sayi sabuwar kwamfuta da sabon batiri. Da na kawo maganar a riƙa biyan wani ya duba rumbun duk wata, sai ya ce a bari sai zango mai zuwa.